Ɓarawon Da Ya Kunna Rawaya

Ana gobe majalisar birni za ta sa hannu a kwangilar kyamarorin kama masu keta danja, wakilin kamfanin ya faɗo ofishin Sufeto yana gumi kashirɓan.

"Yallaɓai, an kashe ni! An sace rumbun hotunan kyamarar gwaji ta mahaɗar asibiti. Gobe me zan nuna wa majalisa? Wallahi abokan takararmu ne!"

Sufeto kam ba kwangilar ce ta dame shi ba. Shekaranjiya wata mota ta keta danja a wannan mahaɗar, ta kwashe wani tela a kan kekensa, ta yi gaba abinta. Telan na asibiti da karaya a cinya. An ce rumbun a rufe yake sai gaban 'yan majalisa za a buɗe, shi ya sa Sufeto ke jiran goben don ya ga motar. Ga shi an riga shi.

Ya ɗauki Kofur suka nufi wurin. Akwatin na'urar yana gindin sandar danja, kwadonsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Makulli nawa ne?" Sufeto ya tambayi wakilin.

"Ɗaya tak, kuma ko wanka da shi nake shiga."

"To kai ka sata ke nan. Kofur, kawo ankwa."

"A'a, a'a! Tsaya in tuna. Akwai wani a rumfar 'yan sandan hanya, saboda ko wuta za ta rikice."

Dubi mutum, ƙato da shi da kwat, sai da ya ji ƙarar ƙarfe ya tuna.

A tsallaken titi akwai mai sayar da jarida. Ya rantse bai ga komai ba, shi kansa a sunkuye yake wuni.

"Jiya ba wanda ya taɓa akwatin nan?"

"Ban gani ba."

"Danjar fa, lafiya ta wuni?"

"Lafiya lau. Sai dai da tsakar rana ta ɗan yi ta ƙyafta rawaya ta kowane ɓangare, can kuma ta dawo daidai."

Sufeto ya koma ya leƙa akwatin. Can ciki akwai wani ɗan maɓalli da ba kowa ya san da shi ba. Ƙa'idar tsofaffin 'yan sandan hanya ce: ba ka sa hannu a akwatin danja sai ka mayar da ita rawaya, don direbobi su sassauta kada a yi karo. Ɓarawon da kamfani ya turo ina ruwansa da karo?

"Wa ke aiki nan jiya?"

Kofur ya kama kallon takalminsa. "Baba Saje ne, Yallaɓai. Shekaranjiya ma shi ne."

Duk ofis an san Baba Saje surukin Sufeto ne, 'yarsa Sufeto ke aure. An kuma san tsohon yana haddace lambar mota kamar sunan jikansa. Amma ranar da aka buge tela cewa ya yi bai ga lamba ba.

Sufeto ya ce Kofur ya jira shi, ya wuce gida. Motar matarsa na tsakar gida a lulluɓe da tamfol, tun shekaranjiya ta ce batir ya mutu. Ya ɗaga gefen tamfol ɗin. Fitilar hagu a fashe, ga shuɗin fentin keke a jikin bamba.

Ya ji muryarta daga ɗaki tana yi wa yara faɗa. Bai shiga ba. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa kansa, shi da yake ta cika baki a ofis cewa ko ɗan waye direban sai ya kwana a sel.

Da yamma aka shigo da Baba Saje ɗakin tambayoyi. Tun da Sufeto ya yi aure bai taɓa zama a kujera tsohon na tsaye ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Sufeto ya miƙe zumbur. Tsohon kuma ya ƙame ya sara masa.

"Baba, don Allah a zauna."

"Ba na zama gaban na gaba da ni, Yallaɓai."

Haka suka tsaya su biyu, kowa na kallon tebur.

"Baba, an buɗe akwatin danja jiya?"

"Ban sani ba."

"An ga rawaya da tsakar rana."

"Wuta ce ta yi rawa."

"Baba, na ɗaga tamfol."

Tsohon ya cire hularsa, ya zaro ɗan rumbun daga cikinta ya ajiye a tebur.

"Ni na ɗauka. Na ga 'yata ranar, tana sauri za ta ɗauko yara a makaranta. Ni na sungumi telan zuwa asibiti. Gobe za su haska hoton a bango gaban majalisa da 'yan jarida, a ce ga matar Sufeto, ga ubanta tsaye yana kallo. Na ce gara ni."

"Da ba a kunna rawayar ba, da ban gane ba, Baba."

"Lokacin tashin 'yan makaranta ne. Ta yaya zan bar hanya haka?"

Sufeto ya ji hawaye na neman zubo masa. Ya juya wa Kofur baya ya ce a rubuta bayani, a kai rumbun ɗakin ajiyar shaida. Kofur ya matso da ankwa. Tsohon da kansa ya miƙa hannuwa, ya ce a bar shi ya tuɓe rigar aikin tukuna.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. Kada a tura mata yaran ofis."

"Ni zan je, Baba."

Aka wuce da shi sel. Sufeto ya ɗauki hularsa da makullin motar ofis, ya ce wa 'yar sandan da ke kantar karɓar ƙara ta taso ta raka shi gida.