Girkin Ranar Lahadi

"Rage wutar nan, Direba! Tukunya ce a gabanka, ba bas ba. Ba a taka mata totur!"

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya, ya rage gas ɗin. "An rage, ranki ya daɗe. Sai me kuma?"

"Juya ta daga ƙasa. A hankali... kai, a hankali na ce!"

Auta na zaune kan kujerar roba a bakin ƙofar kicin, hannayenta naɗe cikin tawul mai ɗumi. A shekara ta biyu da aurensu ciwon gaɓɓai ya kama ta. Da farko yatsu ne ke sanƙarewa da safe, daga baya suka kumbura, suka fara karkacewa, har wuƙa ta gagare ta riƙewa. Likita bai ɓoye musu komai ba: ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Ya rubuta magani mai cin rabin albashi, ya ce a rage gishiri da mai.

Dogo direban bas ne, yana fita tun gari bai gama wayewa ba, sai yamma lis yake dawowa. Wa zai dafa mata na rana? Shi ne suka tsiro da dabara. Ranar Asabar da yamma, lokacin da 'yan kasuwa ke shirin tashi suna karya farashi, sai ya shiga kasuwa da waya a hannu, ita kuma tana gida tana kallo ta bidiyo.

"Matso da kamarar. A'a, bar wancan, kyan ido ne kawai. Ɗauki mai laushin nan, ai miya za a yi da shi."

Ta koya masa sayen fukafukan kaza da wuya a madadin cinya, da roƙon ƙashi wajen mahauci don romo, da duba wake ko ƙwari sun huda shi. Ranar Lahadi kuwa, shi ne hannu, ita ce baki. Su dafa shinkafa, wake, taliya, dankali da miya kala biyu, ya zuba a robobi, su huce, ya jera a firiza. Sai da ya zagaye shaguna kafin ya samo robobin da murfinsu ke buɗuwa da dannawar tafin hannu, saboda yatsunta. Kullum da rana ta ciro ɗaya, ta saka a maikirowef, ta danna da gwiwar hannu.

Suna cikin wannan hira aka turo ƙofa.

Yaya ce, yayar Dogo, wadda ta raine shi tun rasuwar iyayensu. Ta yi sallama, amma ba ta jira amsa ba. Ta tsaya tana kallon ƙanenta da ludayi a hannu, tsumma a kafaɗa, jan miya a gaban riga.

"Innalillahi! Ashe gaskiya ake faɗa mini."

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Auta, tana ƙoƙarin miƙewa.

"Yi zamanki, Hajiya, kada ki wahala. Ai ga kukunki nan yana aiki."

"Haba, Yaya," Dogo ya ce yana murmushin yaƙe. "Zauna ki ɗanɗana, wallahi sai kin nemi ƙari."

Ba ta kula shi ba. Ta buɗe firiza, ta bi robobin da kallo, ta rufe. Can ta ce masa ta baro jakarta a shagon tela na bakin titi, ya je ya karɓo mata. Dogo bai taɓa yi wa Yaya musu ba. Ya kashe wuta, ya dubi matarsa, ya fita.

Yaya ta ja kujera ta zauna daf da Auta. Muryarta ta sauka, kuma wannan ya fi faɗan ban tsoro.

"Ba ƙin ki nake ba, yarinya. Ciwo ba ke kika ɗora wa kanki ba. Amma kin san an ba shi takardar gargaɗi a wurin aiki?"

Auta ta ɗago kai. "Gargaɗin me?"

"Au, bai gaya miki ba? Barci ya ɗauke shi a danja, da mutane cike da mota! Sai da fasinja ya girgiza shi. Kwana shida yana kan sitiyari, ranar hutun guda kuma yana tsaye kan tukunya. Ƙarfe ne shi? Dubi wuyansa, kamar maratayin riga! Ni na goya yaron nan, ban goya shi don in je in ɗauko shi a titi ba." Ta share ido da bakin mayafi. "In son gaskiya kike masa, ki sauke masa kayan nan. Kina da uwa, kina da 'yan'uwa."

Auta ta sunkuyar da kai. Da zagi ne da ta iya haɗiyewa. Amma ina za ta kai magana wadda ita kanta ta san akwai gaskiya a cikinta?

Washegari, bayan Dogo ya fita aiki, ta kira yayanta ya zo ya ɗauke ta. Ko zuge zip ɗin jakar ba ta iya ba, shi ya zuge.

Da yamma sai ga Dogo a gidan Umma, ko rigar aiki bai cire ba. Ya durƙusa ya gaida surukarsa.

"Umma, laifin me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, ɗan nan. Ita ta ce ta gaji."

Auta na bayan labule tana ji. Ya ɗaga murya kaɗan. "Madam, ki fito mu yi magana. Don Allah."

"Ka koma gida," ta ce, tana danne kuka. "Ka aiko mini da takardata, ka huta."

"Takarda? Wace irin takarda? Wallahi ko alƙalami ba zan taɓa ba!"

"To me ya sa ka ɓoye mini zancen danja?"

Ta ji fitar numfashinsa, ta ji ya ce wa Umma sai da safe, ta ji ƙarar ƙofa. Sannan ta kifa kai a bango ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da likita ya yanke mata ƙauna.

Zaman gidan Umma bai zo da sauƙi ba. Gida ne cike da jama'a: Umma da hawan jininta, yayanta, matarsa da 'ya'yansu. Matar yayan ba muguwa ba ce, amma hannunta na da nauyi a gishiri da mai, kuma ba za ta ɗora tukunya biyu don mutum ɗaya ba.

"Auta, ki yi haƙuri ki ci haka nan. Ni ma hannu biyu gare ni."

Ta ci. Ƙafafunta suka kumbura. In tana son ruwa sai ta jira wani ya buɗe mata gora. In za ta yi wanka sai Umma, da tsufanta, ta ɓalle mata maɓalli. Ta gudo don kada ta zama kaya, sai ga shi ta sauke kayan a kan tsohuwa.

Ranar Lahadi da la'asar aka buga ƙofa. Ko da aka buɗe, babu kowa, sai kula a ajiye, cike da robobi masu ɗumi. Auta na ganin murfin ta gane.

"Ku mayar masa," ta ce.

"A mayar da me?" in ji matar yayan, ta riga ta buɗe ɗaya. "Kai! Namiji ne ya yi wannan? Ni nawa ko ruwan zafi sai ya tambaye ni ina ashana."

Aka yi dariya, aka raba, kafin Talata babu ko ɗaya. Auta ba ta taɓa ba. Tana tsoron in ta ci loma guda, zuciyarta za ta karye ta koma.

Haka kular ta riƙa zuwa duk Lahadi. Ya kira, ba ta ɗauka. Ya turo hoton tumatir daga kasuwa da tambaya, "Wannan ya yi?" Ta kalla har hawaye ya rufe mata allon wayar, ba ta amsa ba. Umma ta gaji ta ce, "Ke dai kin ɗauko wa kanki dala ba gammo. Ba ki sake shi ba, ba ki riƙe shi ba."

"Umma, so nake ya gaji ya daina."

"Ki ji tsoron ranar da zai daina ɗin."

Ranar ta zo. Wata Lahadi la'asar ta yi, magariba ta wuce, ba a buga ƙofa ba. Ta gaba ma haka. Hotunan kasuwa suka tsaya. Abin da ta roƙa ke nan, amma sai ta ji kamar an zare mata laka. Ta daina fitowa falo. Ta kwanta tana kallon silin, tana cewa a ranta shi ke nan, ya huta, Allah Ya ba shi mai lafiya.

Ana haka, wata safiya aka ce tana da baƙuwa. Yaya ce. Ta rame, babu kwalli a idonta. Ta gaida Umma, ta shigo ɗakin ta zauna bakin gado, ta daɗe tana murza zoben hannunta.

"An sallame shi daga tuƙi," ta ce.

Auta ta yunƙura ta tashi zaune. "Barcin ne kuma?"

"Ba barci ba. Hankalinsa ne ba ya jikinsa. Ya wuce tasha bai tsaya ba, ya goga motar a jikin wata. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdulillahi. Sun mayar da shi wankin motoci a gareji, albashin ko rabin na da bai kai ba. Ya saki gidan, ya kama ɗaki ɗaya. Firizar ma ya sayar." Ta nisa. "Kin san me ya yi da kuɗin? Maganinki ya saya, ya ba yayanki a ɓoye."

Auta ta dubi kwalin maganin da ke kan tebur, wanda ta ɗauka yayanta ne ke saye.

"Na kai shi gidana," Yaya ta ci gaba. "Na dafa masa duk abin da yake so tun yana yaro. Ya yi cokali biyu ya ture. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka. Jiya ya dube ni ya ce, 'Yaya, kin ce kaya ne a kaina. Kin sauke, ga shi na kasa tafiya.' Yaron da bai taɓa mayar mini da magana ba!"

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Ni dai ban ce ƙarya na faɗa miki ba. Gajiyar gaskiya ce. Kuskurena, na ga ƙanena na nishi da kaya, maimakon in kama masa gefe, sai na ce a jefar. Tashi ki shirya."

"Yaya, in koma in yi masa me? Dubi hannayen nan. Jiya cokali ma faɗuwa ya yi. Likita ya ce gaba sai ta fi haka."

"Na sani."

"Ba aiki, ba gida, ba firiza..."

"Ina da firiza," Yaya ta katse ta. "Durowar ƙasa taku ce. Ranar Lahadi ku zo gidana, ke ki zauna ki ba da umarni, ni in yi, shi kuma ya shiga ɗaki ya yi barci. In na gan shi a kicin, da muciya zan kore shi."

Dariya ta kuɓuce wa Auta a tsakiyar kuka.

A garejin suka same shi, cikin takalmin roba, riƙe da tiyo, rigarsa jiƙe sharkaf. Ya ga Yaya, sannan ya ga wadda ke bayanta. Tiyon ya suɓuce masa, ruwa na ta kwarara a ƙasa.

"Madam?"

"Kashe famfon mana," ta ce. "Kana ɓarnar ruwan mutane."

Ya kashe. Ya matso, ya goge hannuwansa a wando, ya tallabi nata kamar mai ɗaukar ƙwai.

"Ɗakin ƙarami ne," ya ce. "Bayi ma na haɗaka ne."

"Na ji."

"Ba lallai su mayar da ni tuƙi ba."

"Na ji wannan ma. Amma daga yau, ko tuntuɓe ka yi a hanya, ka gaya mini."

"Na yi alkawari."

Ba a mayar da shi tuƙin ba. Hannayen Auta ma ba su warke ba, kafin shekara ta zagayo sai da ya zama shi yake tsefe mata kai. Akwai makon da robobin ke fitowa daga gidan Yaya babu ko fiffiken kaza a ciki, sai wake da kabeji. Akwai ranakun da ciwo ke hana ta magana, shi kuma ya zauna gefenta bai san abin da zai ce ba. Yaya ma ba ta daina mita ba, tana yanka albasa tana cewa ita dai an mayar da ita baiwa da tsufanta. Amma ba ta taɓa fashin Lahadi ba.

Masu cewa mahaƙurci mawadaci, ba kullum suke nufin lafiya za ta dawo ko arziki ya sauko ba. Wani haƙurin, iyakar ladansa a duniya shi ne kada ka sha wahalarka kai kaɗai. Ku kuma dangi, in kun ga naku na tangaɗi da kayan da yake so, kada ku ce ya yar. Ku sa hannu.