Kaska a Ƙeyar Dogo

"Baba, don Allah ka bari ya shigo... gaisuwa kawai zai yi!"

"Ya shigo mana. Amsata dai ba ta canza ba."

Auta ce ke roƙon mahaifinta. Tun da Dogo ya fito neman aurenta Baba ya kafe, kuma ba don ya sami wani aibu a halinsa ba. Laifin Dogo guda ne: awon filaye yake yi, aikin da Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansa. Baba yana can cikin daji da sandar awo ranar da Mama ta cika, sai kabarinta ya tarar. Tun daga nan hannuwansa suka kama rawa, ko kofin ruwa ba ya kai wa baki sai ya jiƙa riga. Ya rantse 'yarsa ba za ta yi zaman jiran miji ba.

Dogo ya yi sallama. Daga wurin aiki ya wuto, ƙaiƙayin ciyawa duk ya manne a ƙafar wandonsa. Ya durƙusa gaban kujerar Baba ya sunkuyar da kai, shi da ko ƙofar falon sai da ya rusuna kafin ya shige ta.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta gyara zama, don ita ba a yin abu a bayan idonta. Auta kuwa ta rakuɓe jikin labule.

"Yaro, ba zan ɓoye maka ba," in ji Baba. "Ni dai wannan magana..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya tsaya cak a bayan wuyan Dogo.

"Kar ka motsa!"

"Na'am, Baba?"

"Na ce kar ka motsa! Kaska ce a ƙeyarka."

Dogo ya ɗaga hannu zai sosa, Baba ya buge hannun. Gwaggo ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Har ta fara ƙoshi! Auta, ɗauko kananzir, ko ashana a ɗana mata!"

"Ba kananzir, ba wuta, ba mai," in ji Baba. "In kika takura mata, abin da ke cikinta za ta amayar masa a jini. Auta, buɗe durowar gadona, akwai wani ɗan gwangwani."

Ta san gwangwanin. Tun rasuwar Mama ba wanda ya taɓa shi. Ta kawo, Baba ya buɗe da ƙyar, murfin na ƙara a hannunsa. Wani siririn hantsaki ne a ciki, naɗe da ƙyalle, bakinsa kamar tsinin allura.

Auta ta dubi hannun Baba, ta dubi wuyan Dogo.

"Baba... ko in gwada?"

"Kin iya?"

"A'a."

"To buɗe taga, ki zo ki riƙe masa kwalar riga."

Hasken la'asar ya sauka a kan wuyan. Ga ta nan, 'yar baƙa, ta kafa kai a gindin gashi. Baba ya matso da hantsakin yana karkarwa, har Gwaggo ta runtse ido tana salati.

Bakin ƙarfen na taɓa fata, rawar ta ɗauke.

Auta ta ƙifta ido, ta sake dubawa. Wallahi ta ɗauke! Hannun da ya kasa ɓalla maɓallin riga da safe, shi ne ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi. Ta manta da Dogo, ta manta da maganar aure, ta zuba wa yatsun mahaifinta ido kamar yau ta fara ganinsu.

"Duba nan," ya ce a hankali, muryarsa ta koma irin ta da. "Ba cikinta ake kamawa ba. Can ƙasa, dab da fata, wajen kai. Ba a matsawa, ba a murɗawa, ba a fizga. Sama za ki ja, a miƙe... ki yi ta ja a hankali har ta gaji ta saki."

Fatar ta ɗan ɗago. Can sai ga kaskar a bakin hantsaki, ɗungurungum da kanta, ƙafafunta na motsi.

"Ikon Allah!" in ji Gwaggo. "Yaya, ashe hannun nan na nan?"

Bai kula ta ba. Ya jefa kaskar a wata 'yar kwalba ya toshe, ya sa Auta ta kawo ruwa da sabulu. Da kansa ya wanke wurin ya goga sifirit, sannan ya wanke hannuwansa. Yana ajiye hantsakin rawar ta dawo.

Dogo dai bai ɗago ba. A sunkuye ya yi magana.

"Na gode, Baba. Kullum in na dawo ina duba jikina, hammata, bayan gwiwa, ƙugu... nan ne kawai ba na iya gani."

"Wa ke duba maka?"

"Ba kowa. Tun ina ƙarami iyayena suka rasu."

Baba ya daɗe yana kallon gwangwanin.

"Ni mahaifiyar Auta ce ke duba min," ya ce. "Duk ranar da na dawo, kafin in sha ruwa sai ta zaunar da ni a bakin tagar nan, ta bi kaina da bayan kunnena da yatsa. Ina ta mita, tana dariya. Ita ta koya min riƙon wannan abu." Ya shafa hantsakin. "Na ɗauka jira kawai na bar mata. Na manta yadda take murna in na dawo."

Hawayen Auta suka ɓalle, ba ta ko share ba.

"Saurara, yaro. Wurin nan sai an sa masa ido na 'yan makonni. In ya yi ja yana faɗi, ko ka ji zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi, asibiti za mu tafi da kwalbar nan, ba wani jiƙe-jiƙe. Saboda haka kullum ka biyo in duba."

"Kullum, Baba? Har zuwa yaushe?"

"Kai, wannan dogon banza ne!" in ji Gwaggo tana dariya da hawaye. "Ana ba ka mata kana tambayar ranar sallama?"

Dogo ya ɗago a firgice, ya dubi Baba, ya dubi Auta.

"Auta... da gaske?"

Ta gyaɗa masa kai.

Baba ya naɗe hantsakin a ƙyallensa. Ya kamo hannunta da nasa hannun mai rawa, ya danƙa mata, ya rufe yatsunta a kai.

"Ni na ɗan lokaci zan duba," ya ce. "Sauran naki ne. In ya dawo, kar ki bar shi ya sha ruwa sai kin zaunar da shi a bakin taga."