Kujerar da Na Koya wa Karatu

Ranar wata Litinin, da misalin ƙarfe biyar da rabi na yamma, na karɓi makullin tsohon ɗakin injina daga hannun Baba mai gadi, na shiga da littafina da kwamfutata.

Ni ma'aikaciyar ajiye bayanai ce a wani kamfanin rarraba magunguna, shekarata arba'in da 'yan kai. A bara kamfanin ya kwashe bayanansa daga manyan injinan kwamfuta da ke wannan ɗakin ya mayar da su rumbunan intanet, abin da ake kira kilawud, wato gajimare. Aka sayar da injinan. Daga nan aka sanar cewa duk wanda bai kawo shaidar cin jarrabawar matakin farko ta wannan fanni ba kafin ƙarshen shekara, za a sallame shi. Matasan ofis suka ci ba tare da ko gumi ba. Saura ni, ga 'ya'ya huɗu a makaranta.

Gida ba ya karantuwa. Ga talabijin, ga auta tana hawa kaina, ga maigida da tsokanarsa, kullum sai ya tambaye ni ko Hajiyar gajimare ta hango ruwa yau. Shi ya sa na nemi ɗakin nan da ba mai shiga. Taga ɗaya gare shi, ƙarama, can kusa da silin. A kan tayil ana ganin sawun inda injinan suka tsaya, da ramukan da wayoyi suke bi. An cire na'urar sanyaya ɗaki, amma sanyin bai tafi ba.

Tun ina makaranta ba na gane abu sai na yi wa wani bayaninsa da baki. To ba kowa. Sai na jawo wata kujerar ƙarfe na ajiye a gabana, na ce da ita cikin wasa, "Zauna mu fara."

Haka muka yi ta yi kowace yamma bayan an tashi. Na koya wa kujera bambancin bayanan da aka jera layi-layi a teburi da waɗanda ba su da tsari, irin hotuna da muryoyi. Na koya mata dalilin ajiye kwafin abu a wurare dabam-dabam, da yadda ake ba wani izinin karantawa a hana shi gogewa. Ƙarshen kowane darasi in cire tabarau in ce, "Kin gane?" In ɗan jira amsa, in wuce gaba.

Wata yamma ina mayar da makulli Baba ya ce ɗalibar nan tawa akwai ƙoƙari, duk abin da na faɗa sai ta maimaita. Na yi dariya, na ce ai ta fi ni kai. Shi bai yi dariya ba, amma dama Baba ba mai yawan dariya ba ne.

Babi ɗaya ya rage, na yadda ake kwashe bayanai daga tsohon wuri zuwa sabo, sai mura ta kwantar da ni. Na karanta shi a gado, a zuci. Ban koma ɗakin ba sai ranar jarrabawa.

Ta intanet ake yin ta. Wata mai sa ido tana kallonka ta kyamara daga inda ba ka sani ba, ba ka jin muryarta, rubutu kawai take aikowa. Dole ka kasance kai kaɗai. Ba magana, ba tashi, ba waiwaye. Ka saɓa, an soke. Lokacin da na samu shi ne gab da faɗuwar rana.

Na fitar da kujerar ƙarfen baranda, na rufe ƙofa. Na ɗaga kwamfuta na nuna wa mai sa ido bango huɗu da ƙarƙashin tebur. Ta ce in fara.

Tambayoyin farko sun zo da sauƙi. Na kusa rabi lokacin da hasken tagar ya koma ja. Sai na ji ƙugi a ƙasan ƙafata, siriri, irin na fankokin injinan da aka sayar. Warin ƙura mai ɗumi da ƙonanniyar waya ya taso.

Rubutu ya fito a gefen allo.

"Akwai mutum a bayanki. Ki sallame ta."

Na rubuta cewa ni kaɗai ce. Ta ce in sake nuna mata ɗakin. Na ɗaga kwamfutar na juya a hankali, idona yana bin bango. Ba kowa. Na zauna.

"Duk inda kika juya tana bayanki."

Na dubi agogon jarrabawa. Na tuna kuɗin makarantar yara. Na ce a raina kyamara ce ta lalace, na danna tambaya ta gaba.

Ƙarfe ya ja tayil. Ƙiiii. Ya tsaya daidai bayan kujerata.

Numfashi ya taɓa wuyana ta cikin mayafi, sanyi ƙalau. Sai raɗa. Tana karanto amsar tambayar da ke gabana, da kalmomina, da tsayawar da nake yi in haɗiye yawu. Muryata ce.

"Bakinta yana motsi," in ji rubutun. "Wace ce ita?"

A ƙasan allo akwai ɗan akwatin da nake ganin kaina. Tun ɗazu nake kauce masa. Na kalla.

Kujerar tana nan. A kanta wata zaune, da mayafi irin nawa, da tabarau irin nawa. Kafaɗunta sun wuce inda kyamara ta tsaya. Wuyan ne ya lanƙwaso, ya kawo fuskar kusa da kunnena. Bayan tabaran ba ido, fata ce shafe.

Na so in yi addu'a, harshena ya manne.

Tambaya ta gaba ta fito daga babin ƙarshe. Raɗar ta tsaya.

"Malama," ta ce a hankali. "Wannan ba ki koya mini ba."

Yatsu suka sauka a kafaɗata. Dogaye. Sun kai gwiwar hannuna.

"Ban gane ba, Malama."

Rubutu ya fito, haruffan a hargitse.

"Bar jarrabawar. Tashi ki fita. Kada ki waiwaya. Don Allah."

Na tashi. Mayafina ya riƙe ta baya. Na sunkuyar da kai na zame daga cikinsa. Sai a lokacin bismillah ta fito daga bakina, da ƙyar. Ƙofar ta yi nauyi kamar ana tura ta daga waje.

Ƙiiii.

Na sa kafaɗa.

Baba ya tsince ni a kan matakala, ba mayafi, takalmi ɗaya.  Ya ba ni ruwa, ya kira maigida, ya hau ya kulle ɗakin da kansa. Kwamfutar kawai ya fito da ita. Ya bar littafin, ya ce ba zai miƙa hannu kan teburin sau biyu ba.

Masu jarrabawar suka soke zaman, suka ce an ga mutum biyu a ɗaki. Bayan kwanaki suka ba ni damar sakewa, bisa rahoton mai sa idon, ba su faɗi abin da ta rubuta ba. Na sake a cibiyar jarrabawa, cikin mutane, da hantsi. Na ci. Ina kan aikina. Karatu kuma a zuci nake yin sa, ko na auta ne babanta yake biya mata.

Baba ya ce duk magariba yana jin darasi a ɗakin, da muryata, daga babin farko har inda muka tsaya, sai shiru, sai a koma farko. Haka har watanni. Makon jiya ya tare ni a bakin get ya ce ya ji ƙarar buɗe shafi, ya ji an wuce wurin, ana haɗa kalma da ƙyar har aka kai ƙarshe. Tun ranar bai sake jin komai ba.

Jiya manaja ya sa aka buɗe ɗakin, za a mayar da shi sito. Littafina yana kan tebur, a rufe. Mayafina da kujerar ba su ciki.