Ajin Madam Doose

Ranar da Muntaka ya fara ganin Rabi, dariya ake yi mata.

Ajin Turanci ne na manya, wanda Madam Doose ke koyarwa duk Asabar a Titin Shendam. Rabi tela ce, ta shiga ajin ne saboda kwastomominta na Abuja sun fara yawa. Ran nan Madam ta rubuta "insecurity" a allo ta tambayi ma'anarta. Rabi ta miƙe ba ko ɗar.

"Rashin tsaro, Madam. Irin na 'yan bindiga."

Aji ya kwashe da dariya, don darasin ranar kan soyayya ne da lafiyar ƙwaƙwalwa. Sai wani saurayi ya ɗaga hannu daga baya.

"Ai ba ta yi kuskure ba, shi ma sunansa ke nan. Sai dai akwai na cikin zuciya, mutum ya riƙa ganin bai kai ba, kullum cikin tsoron za a guje shi."

Rabi ta waiga. Ya sunkuyar da kai kamar mai laifi. Da aka tashi ta ji an ce sunansa Muntaka, wutar sola yake haɗa wa mutane.

Kalmomi suka yi ta zuwa mako bayan mako. Toxic, mu'amala mai cutarwa. Red flag, alamar haɗari. Wata Asabar Madam ta ajiye alli ta ce, "Gaslighting, my people, shi ne mutum ya yi maka abu, ya rantse bai yi ba, har ka fara shakkar kanka."

Biron Rabi ya tsaya cak. Jafaru ta tuna.

Jafaru ɗan aminin Babanta ne, ya daɗe yana zuwa zance wurinta. A gaban manya ba wanda ya kai shi ladabi. In sun keɓe kuwa sai ya fizge wayarta ya bincika, ya sa ta goge lambobin ƙawayenta. Ya gaya mata baƙar magana yau, gobe ya ce, "Yaushe na faɗa? Kanki ne ke juyawa." Ita duk a zatonta kishin so ne.

Da ya zo ranar Lahadi ba ta ko shimfiɗa tabarma ba.

"Jafaru, na gama. Abin da kake min ashe yana da suna, kuma ba so ba ne."

Ya yi tsaki. "Turanci ya fara hau miki kai."

"Ya hau ɗin. Sauka lafiya."

Sai da damina ta wuce Muntaka ya iya neman lambarta, shi ma da hujjar aikin gida. Saƙonsa na farko ya ce: "Malama, mene ne trust? Na kasa ganewa."

Ta yi murmushi ta rubuta: "Injiniya, ka sani sarai, yarda ce. Faɗi abin da ya kawo ka."

"To. Sunanki ne ya dame ni. Duk wanda ya ce Rabi, ni rabin raina nake ji."

Ta kifa wayar a kan keken ɗinki, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Bai taɓa tambayarta da wa take waya ba. In ta ce aiki ya yi mata yawa, sai ya aiko mata da gasasshiyar doya da manja, ya ce ta ci kafin ta taɓa almakashi.

Ana cikin haka hoto ya shigo wayarta daga Jafaru. Muntaka ne zaune a benci, a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na asibiti. A ƙasa an rubuta: "Ga wanda kika zaɓa. Mahaukaci."

Ba hoton ne ya ƙona mata rai ba, ɓoyewar ce. Ta daina ɗaukar wayarsa. Ranar Asabar ya tare ta a ƙofar aji, idanunsa sun faɗa.

"Rabin raina, ki ba ni minti kaɗan."

"Ina jin ka."

"Ƙanena ya rasu a hatsarin mota wajen Assakio, ni na aike shi. Daga nan barci ya ƙaurace min, abinci ma haka. Likita ya ce depression ne, ciwon damuwa. Ina shan magani, ina zuwa duk wata, kuma na samu sauƙi sosai. Na so in faɗa miki, tsoro ya hana ni."

"Tsoron me?"

"Kada ki tafi."

Ta dube shi har sai da ya ɗago. "Ciwo ba laifi ba ne, Muntaka. Amma kada ka sake yanke min hukunci kan abin da zan iya ɗauka. Wata mai zuwa tare za mu je."

Jafaru ya riga ya kai hoton hannun Baba. Da Rabi ta dawo gida ta same shi a tsakar gida, bai ko fita rumfarsa ta sayar da riɗi ba.

"Ba zan ba mai taɓin hankali 'yata ba. Magana ta ƙare."

Ta durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri. Kai ma kullum kana shan maganin hawan jini, ba wanda ya ce ba ka isa riƙe gida ba. Ka kira shi ka tambaye shi da kanka."

Mama ta ce, "Alhaji, jin ta bakinsa dai ba aure ba ne."

Aka kira Muntaka bayan la'asar. Ya zauna a ƙasa a zaure ya faɗi komai, har ya ce in Baba na so su je wurin likitan tare. Suna cikin magana Jafaru ya ga babur ɗin Muntaka a ƙofar gida, ya faɗo zaure ba sallama. Rabi na fitowa da ruwa ya daka mata tsawa.

"Ke har kin isa ki wulaƙanta ni? Kawo wayar nan!"

Ya kai hannu. Baba ya miƙe tsaye.

"Jafaru! A gabana? To in ba na nan me kake yi mata?"

Baba ya nuna masa ƙofa. Ya daɗe tsaye yana kallon 'yarsa, sannan ya juya ga Muntaka, wanda bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

"Ka ce wa manyanka su zo."

An ɗaura aure wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Rabi da kanta ta ɗinka kayanta. Dangin ango suka zo daga Awe da buhun gishiri, 'yan aji suka yi anko, Madam Doose ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta.

"Muntaka, ga amana. Duk wanda ya ji nauyi a zuciyarsa cikinku, ya faɗa wa ɗan'uwansa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Mata suka rangaɗa guɗa. A cikin mota Muntaka ya matso ya ce a hankali, "Rabin raina, kuka kike yi?"

Ta share ido a ƙarƙashin mayafi. "Na daɗi ne, Injiniya. Ka ce wa direba mu tafi gida."