Mangul ɗin Kolo

A zamanin Turawa, shekarun yaƙin Bama, lokacin da gishirin kanti ya yi wuya a ƙasar Haɗeja, masunta suka tsamo gawar Kolo daga cikin kainuwa, ƙasa da mashigin kogi. Kolo bafatake ne daga ƙasar Manga, mai safarar gishirin mangul. Aka aika caji ofis na En'e.

Sufeto Gwadabe ya iso da hantsi. Ya juya gawar, ya ga ƙeya a fashe.

Wani mai fito, sunansa Baƙo, wanda ya ɗauko Kolo a kwalekwalensa, yana tsugune a gefe. Ya ce kwalekwale ne ya kife a tsakiyar ruwa, kan Kolo ya bugi katako, shi ma da ƙyar ya sha. Gishirin kuwa duk ya narke. Ga buhunan nan da ya tsamo, bakinsu a ɗaure, babu komai a ciki.

Sufeto ya kwance buhu guda, ya juyo cikinsa waje, ya shafa. Tas yake.

Ya nufi masaukin fatake wurin Yakaka, matar Kolo. Ta ce mijinta bai taɓa ɗaure buhu ba, ɗinkewa yake da basilla. Sufeto ya karɓi dunƙulen mangul daga ragowar kayansu, ya koma bakin kogi, tana biye da shi.

Ya sa aka kawo ƙwarya da ruwa, ya jefa dunƙulen, ya yi ta motsawa da kara. Da ya narke ya tsiyaye ruwan, sai ga yashi da baƙar ƙasa kwance a gindin ƙwarya.

"Ruwa yana narkar da gishiri, Baƙo, amma ba ya narkar da yashi. Wannan na dunƙule ɗaya ke nan. Ina na buhu guda?"

Baƙo ya ce igiyar ruwa ce ta wanke.

"Ta cikin buhun da bakinsa ke ɗaure?"

Baƙo ya kalli ƙwaryar. Can ya faɗi yadda ya buge Kolo da filafilin tuƙi ta baya, ya juye gishirin a rumbunsa, ya jiƙa buhunan wofi.

'Yan doka suka ɗaure shi da igiya. Za su wuce da shi ke nan Yakaka ta sha gabansu, ta dubi Baƙo.

"Ya samu yin kalmar shahada?"

Baƙo ya sunkuyar da kai. Aka ja igiyar, ya bi.