Murhun da Ya Ƙi Tsufa

Allon Ma'aunin Shekaru ya yi ja da safiyar Litinin. Na'ura ce da Masana'antar Tsamiya ta Sabuwar Gusau ta girka a shekarar 2091. Tana duba cinikin kowane kaya ta faɗi matsayinsa: jariri ne, matashi, magidanci, ko tsoho mai jiran kabari. Ran nan murhun rana, mai girki da hasken rana, ta yanke wa hukuncin tsufa, ta ce a rufe sashensa, a sallami ma'aikata arba'in.

Injiniya Ladidi Bagudu, wadda ta ƙera murhun shekara ashirin da suka wuce, ba ta yarda ba. Mace ce mai taurin kai, har uban gidanta, Manaja Sambo, yana shakkarta. Ta shiga unguwanni da ƙafarta. Abin da ta gani ya ba ta dariya, ya kuma sosa mata rai: murhun bai tsufa ba, ƙin lalacewa ya yi. Guda ɗaya sai ya zaga gida goma. Yau suna, gobe sadakar bakwai, mata na miƙa wa juna shi ta kan katanga. Ita kuwa na'ura ciniki kawai ta sani, ba ta san aro ba.

Ta dawo da murna ta yi wa Manaja bayani. Ya saurara har ta gama.

"Hajiya, ai cutar ke nan kika gano mana," in ji shi. "Ƙera mana wanda ba ya aruwa, mutanenki su tsira da aikinsu."

Ta yi sati tana juya maganar. Sai ta tuna fuskokin mutum arba'in, ta zauna ta ƙera sabon murhu wanda yatsan mai shi kaɗai ke kunna shi. Aka daina yin kayan gyaran tsohon. Cikin shekara biyu ciniki ya ninka, ba wanda aka sallama, har lambar yabo aka ba ta.

Wata Asabar, maƙwabciyarta Inna Marka ta leƙo ta katanga, ta ce jikarta ta haihu, a ara mata murhu na kwana ɗaya. Kunya ta rufe Ladidi. Ta ce sai dai ta zo da kanta ta kunna, don ba ya jin hannun kowa sai nata.

Tsohuwar ta kaɗa kai.

"Bar shi, 'yata, ma nemo icce. Amma wanda ya ƙera wannan abu bai tashi cikin mutane ba."