Dutsen da Aka Bari Yana Cin Kansa

Ranar Talata ce, dab da magariba. Iyalan Daulatyar suna zaune a tsakar gida, shayi yana tiriri, gurasa a tsakiya. Daga ƙasan kwari ana jiyo gunjin tsohon ɗakin niƙa na ƙauyenmu, wanda ruwan kogi ke juya dutsensa. Sai tsakuwa ta faɗo cikin kofin maigidan. Aka ɗaga kai, babu kowa a kan katanga. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta biyo. Matarsa ta ɗauki ɗaya, ta yar da ita da sauri. Da zafi take, kamar daga murhu aka ciro ta.

Daulatyar ne shugaban kwamitin ƴan sa-kai da suka gyara ɗakin niƙan bayan ya shekara ashirin a kulle. Ba don niƙa suka gyara shi ba, kowa a kanti yake sayen fulawa. Don baƙi ne masu zuwa kallo. Ƴarsa Parwina kuwa tsuntsaye take bi da madubin hangen nesa, tana rubuta su a littafi. Ita ta gano wata ƴar tsuntsuwa mai nutso ta yi sheƙa a bayan ruwan da ke zubowa daga indararon ɗakin niƙan. In aka tare ruwan, hankaki zai ga ƴaƴan. Don haka kwamiti ya ce a bar ruwa ya yi ta gudu. Dutse ya yi ta juyawa dare da rana, ba ko ƙwayar alkama a bakinsa.

Mutum ɗaya ne ya yi magana, Bobo Safar, wanda ya gaji niƙa daga ubansa. Ya ce, "Ba a barin dutse ya ci dutse. Ku bar ni in ɗaga na saman." Suka ce ya tsufa, kada ya taɓa kayan tarihi.

Da jifan ya kwana biyu, Daulatyar ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce kowa ya san mai jin haushinsu. Aka hana Bobo Safar shiga ɗakin. Maƙwabta suka soma rage murya in ya wuce.

Ni na koyar da lissafi shekara talatin da huɗu, ba na karɓar amsa ba tare da an nuna aiki ba. Na taka daga gidan tsohon zuwa katangar Daulatyar, taku ɗari huɗu da goma. Mutumin da ba ya iya ɗaga buta da hannun dama! Na faɗa musu. Daulatyar ya ce, "Mu'allim, wannan ba allo ba ne."

A yamma ta biyar Parwina ta dawo daga kwari ba madubin. Ta zauna a ƙasa, ta juya wa kowa baya. Can sai aka ji ƙara a bakinta, haƙoranta ne take gogawa a hankali, daidai da bugun dutsen da ke ƙasa. Uwarta ta ce, "Ƴata, ki sha ruwa." Ba ta waiwayo ba.

Aka kira Domullo Hikmat, malamin da ke hayin kogi. Ya zo rana na faɗuwa, ya zauna a gabanta, ya daɗe yana karatu. Ina bakin ƙofa, abin da na ji shi nake rubutawa.

Domullo ya ce, "Wane ne kai?"

Muryar da ta fito ta tsoho ce, busasshiya. "Maƙwabci. Ƙarƙashin dutse nake tun kafin a haifi kakanka."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ita ce ke zama tana sauraro. Sauran surutu kawai suke." Haƙoran suka sake gogawa. "Da ƙurar gari muke rayuwa. Da aka kulle ɗakin muka haƙura, muka yi barci. Yanzu an tashe mu, ana zubo mana tsakuwa a ka. Abinku na dawo muku da shi. Ya yi daɗi a shayi?"

Daulatyar ya sunkuyar da kai.

Domullo ya ce, "Fita, a tare ruwan gobe."

"A'a. Mai sheƙar nan ma maƙwabciya ce, ba ta yi mini komai ba. A bar mata ruwanta. A ɗaga dutsen sama. Ranar Alhamis kuma a zuba masa alkama, ko tafin hannu ne. In an yi haka, zan fita."

"Za a yi."

"Ba da hannun maigidan nan mai hula ba, bai san kan itacen da ake ɗaga dutsen da shi ba. A kira Usta Safar. Shi yake sallama kafin ya shigo."

Usta, wato gwanin sana'a, Bobo Safar yake nufi. Aka aika. Tsohon ya zo da sandarsa, bai kalli kowa ba, ya gangara kwari. Muna zaune muka ji gunjin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya rage ƙarar ruwa kaɗai. Parwina ta yi atishawa sau uku, ta dubi uwarta, ta ce muƙamuƙinta na ciwo.

Wata huɗu ke nan. Yarinya ta warke, ƴan tsuntsu sun tashi, Bobo Safar yana zuba alkama duk Alhamis. Amma har yau jikokinsa ana kiran su jikokin majefi a hanyar makaranta. Sau uku na rubuta wa kwamiti. Daulatyar ya ce, "Haba Mu'allim, ai magana ta wuce."

Ba ta wuce ba. A gaban jama'a aka ɓata sunan mutumin nan, a gaban jama'a za a wanke shi, da babbar murya, ran Juma'a. Aljanin da ba shi da kwamiti ya kira tsohon da sunan girmansa, ya yi alkawari, ya cika. Saura Daulatyar.